Bayani kan kula da ƙaramar motar tsere a birnin Kano

Ƙananan motoci marasa nauyi, waɗanda aka ƙera domin gudu da jin daɗin tuƙi, ba su da yawa a titunan Kano. Sai dai akwai masu sha'awarsu, kuma riƙe irin wannan mota a cikin tsohon birni yana tattare da ɗawainiyar da ta shafi aljihu da doka da kuma rayukan jama'a.

Wace ce ƙaramar motar tsere?

Abin da ake nufi shi ne mota mai ƙofa biyu ko uku, mai gajeren jiki, wadda nauyinta bai cika wuce tan ɗaya ba. Saurinta yana fitowa ne daga rashin nauyi, domin injinta sau da yawa bai fi na motar haya girma ba.

Wanda ya fi shahara da wannan ra'ayi shi ne Colin Chapman, injiniyan Ingila da ya kafa kamfanin Lotus. Motarsa Lotus Seven ta fito a 1957, sannan Lotus Elan ta biyo baya a 1962, kuma nauyinta bai kai kilogiram 700 ba.

A 1976 kamfanin Volkswagen na Jamus ya fitar da Golf GTI mai nauyin kilogiram 810 da ƙarfin doki 110. Motar da ta kai kilogiram 1,600 sai ta sami ƙarfin doki kusan 217 kafin ta yi daidai da ita a wannan ma'auni.

Kamfanin Peugeot na Faransa ya fitar da 205 GTI a 1984. Shi kuma Mazda na Japan ya gabatar da MX-5 mai kujera biyu a 1989, wadda a 2016 adadin da aka ƙera ya kai miliyan ɗaya.

A Kano, waɗanda suka fi kusa da wannan rukuni su ne tsofaffin Golf, da ƙananan Peugeot, da Honda masu ƙofa biyu, da kuma BMW samfurin E30 da E36. Waɗannan na ƙarshe sun ɗan fi nauyi, amma masu wasa da mota suna son su saboda tayoyin baya ne ke tura su.

Tarihin tsere a wannan yanki

Alaƙar Kano da tseren motoci ta daɗe. A watan Mayun 1974 an yi wani gagarumin tsere daga London zuwa Munich, albarkacin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya da aka yi a Jamus ta Yamma. Hanyar ta ratsa hamadar Sahara ta gangaro har Kano, kafin ta sake juyawa arewa.

Motoci 19 ne suka kai ƙarshen tseren. Wata Citroën DS ce ta zo ta ɗaya, yayin da Peugeot 504 suka ɗauki matsayi na biyu da na uku da na huɗu.

A shekara ta gaba, 1975, ita dai 504 ɗin ta lashe tseren Safari na Kenya, da na Maroko, da kuma na Bandama a Kodebuwa. A wannan shekarar ce kuma kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, inda aka ci gaba da ƙera 504 har zuwa 2006.

Kazalika tseren Paris zuwa Dakar, wanda aka fara kammalawa a 1979, ya sha bi ta Agadas a Jamhuriyar Nijar. Peugeot ya lashe shi sau huɗu a jere daga 1987 zuwa 1990, biyu na farko da wata 205 da aka sake wa fasali baki ɗaya.

A cikin gida kuwa, tseren motoci yana cikin shagulgulan bikin kamun kifi na Argungu, kuma an yi shi a 2020 lokacin da aka farfaɗo da bikin.

Wannan tarihi ya bar wa arewacin Najeriya makanikai masu yawa da suka ƙware a injin Peugeot. Ya kuma nuna cewa a wannan yanki motar da ta fi juriya ita ce ke kai wa ƙarshe.

Matsalar wurin ajiya a cikin birni

Unguwar Madabo tana cikin ganuwa, ba nisa da Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi. An san ta da malamai da karatun fiƙihu tun ƙarnoni da dama, kuma ana danganta asalin karatun nata da Wangarawa, waɗanda tarihin Kano ya ce sun iso a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14.

An shata lungunan irin waɗannan unguwanni ne domin mai tafiya a ƙasa da jaki da doki. Yawancin gidaje ba su da garejin mota, wasu lungunan ma ko keke mai ƙafa uku da ƙyar yake shiga.

Saboda haka tambayar farko ga mai sha'awar mota a nan ita ce inda za ta kwana. Wasu kan bar ta a bakin titi a hannun mai gadi, wasu kan biya kuɗin ajiya a fili mai katanga, wasu kuma kan kai ta gidan ɗan'uwa a wajen gari.

Kowanne yana da nasa sakamakon. Motar da ke wuni a rana fentinta kan ƙoɗe, robobinta kan tsattsage, rufin tamfal kuma kan bushe ya yage. Wadda aka ajiye nesa kuwa takan daɗe ba a tayar ba, sai batir ya mutu, mai ya lalace a tanki, ɓeraye kuma su ci wayoyi.

Maganin wannan shi ne inuwa ko mayafin mota, da kuma fitar da ita aƙalla sau ɗaya a mako, a yi tafiyar da inji zai ɗauki zafinsa sosai.

Kafin a biya kuɗi

Galibin irin waɗannan motoci na hannu ne, waɗanda ake kira 'yan Kwatano ko 'yan Beljiyam. Daga ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, sannan hukumar kwastam tana da ƙa'ida a kan yawan shekarun motar da za a shigo da ita.

Wannan ya sa mai neman ƙirar 1980 ko 1990 yakan dogara da waɗanda suka riga suka shigo, suka kuma bi ta hannun mutane da dama. Ya kamata a tabbatar lambar shasi ta yi daidai da wadda ke cikin takardun kwastam da na rajista, a kuma rubuta takardar ciniki a gaban shaidu.

Abu na biyu shi ne tsatsa. A ƙasashen Turai ana barbaɗa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, kuma yana cin ƙarfen ƙasan mota. Bushewar iskar Kano tana rage saurin tsatsa, amma ba ta mayar da ƙarfen da ya riga ya ruɓe. Sai an ɗaga motar an duba ƙasanta da ƙarƙashin ƙofofi, musamman inda aka yi sabon fenti.

Abu na uku shi ne sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilun 1972, kuma dokokin hanya ba su amince da mota mai sitiyari a dama ba. Motocin da aka ƙera domin Ingila ko Japan ana juya musu sitiyari, aikin da ya shafi birki da wayoyi da sandar sitiyarin kanta. Idan walda ta saki a kan gudu, direba ba shi da sauran iko da motar.

Zafi da ƙura da ruwa

Yanayin Kano yana gwada mota ta fuska uku. A watannin Maris zuwa Mayu zafi kan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyos. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce. Da damina kuma, musamman a watan Agusta, ruwa kan kwanta a tituna.

Zafi yana fara bayyana ne a lagireto. Mutane da yawa suna zuba masa ruwan rijiya ko na burtsatse, wanda ke barin gishiri-gishiri da tsatsa su toshe ƙananan hanyoyinsa. Ruwan sanyaya inji na kanti, wanda ake gaurayawa da tataccen ruwa rabi da rabi, yana hana tsatsa, kuma ba ya saurin tafasa.

Murfin lagireto ma yana da aiki, domin matsin da yake riƙewa shi ke ƙara jinkirta tafasar ruwan. A tsofaffin BMW kuwa wasu sassan hanyar ruwan na roba ne, kuma sukan fashe ba tare da gargaɗi ba idan sun tsufa.

Akwai wata al'ada da ta yaɗu a garejin Najeriya, ta cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, da nufin hana inji zafi. Sai dai inji yana da zafin da aka tsara ya yi aiki a kai. Idan bai kai ba, kamar da safiyar hunturu, yakan sha mai fiye da kima, fistin da ringi kuma su riƙa saurin cinyewa. Injin da ke zafi yana nuna cewa lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji, ko fanka ba ta tashi, kuma can ya kamata a nemi gyara.

Ita kuwa ƙura, matatar iska ce kaɗai ke tsakaninta da cikin inji. Da hunturu ana bukatar duba ta akai-akai. Hura mata iska mai ƙarfi a wurin mai faci yakan huda takardar, ƙurar ta wuce kai tsaye.

Da damina, mota mai gajeren ƙasa ba ta shiga ruwan da ba a san zurfinsa ba. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, don haka idan inji ya zuƙe shi sandar fistin takan lanƙwashe nan take. Motar da ta mutu a cikin ruwa ba a sake tayar da ita, sai a ja ta zuwa gareji.

Mai da baƙin mai

Man fetur ɗin da ake sayarwa a Najeriya ma'aunin oktan ɗinsa ya fara ne daga 91, alhali an tsara injinan tsere na Turai da dama a kan 95 ko sama da haka. Idan oktan ya gaza, mai yakan kama wuta kafin lokacinsa, a ji inji yana ƙwanƙwasa yayin hawa tudu ko taka totur. Sababbin motoci suna da na'urar da ke gyara wannan da kanta, amma a tsofaffi sai makanike ya daidaita lokacin tartsatsin fulogi.

Ingancin man ma abin lura ne. A watan Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, wanda ya lalata motoci, ya kuma jawo dogayen layuka a gidajen mai. Man 'yan bumburutu kuwa babu mai tabbacin abin da aka gauraya masa.

Game da juye, littafin mota yakan ba da wa'adi iri biyu, na tuƙin yau da kullum da na mawuyacin yanayi. Zafi da ƙura da cunkoson titi sun sa Kano ta faɗa rukuni na biyu. Ana sauya matatar baƙin mai a duk juye, kuma an fi samun kwanciyar hankali da galan mai hatimi daga dila sananne fiye da man da ake aunawa a kwalba.

Sai kuma bel ɗin da ke haɗa motsin fistin da na bawul. A injina irin na 205 GTI, idan ya tsinke fistin kan daki bawul, gyaran kuma ya ninka kuɗin bel ɗin sau da yawa. Duk wanda ya sayi tsohuwar mota bai san ranar da aka sauya shi ba, ya fi masa sauƙi ya sauya tun a makon farko.

Kayan gyara da makanike

Ga mazaunin Madabo, Kasuwar Ƙofar Ruwa ce mafi kusa, kuma ta yi suna wajen kayan mota da ƙarafa. Akwai kuma shagunan Sabon Gari. Ana samun kaya iri uku: sababbi na asali, da na hannu da aka ciro daga motocin waje, da kuma sababbi masu araha waɗanda ingancinsu ya bambanta.

Ƙofa ko fitila ko giya ta hannu ba ta da laifi idan an gwada. Amma bel da robobi da tiyo da kayan birki, tsufa ne ke kashe su, don haka na hannu ba ya magance komai.

Kayan Golf da Peugeot da Honda suna samuwa cikin sauƙi. Na motocin da ba su yaɗu ba sai an aika Legas ko ƙasar waje, kuma tun bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 farashinsu ya tashi matuƙa. Janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun wannan shekarar ya ƙara wa masu motar sha'awa nauyi.

Masu iya magana na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Tsohon makanike da ya san kafireto ya fi dacewa da tsohuwar mota, yayin da mai injekta da ƙwaƙwalwa take bukatar wanda ke da na'urar bincike ta kwamfuta. Riƙe makanike ɗaya, da littafin da ake rubuta ranar kowane gyara da adadin kilomita, yana hana maimaita aiki, yana kuma ƙara wa motar daraja ranar sayarwa.

Ƙare-ƙare: me ya kamata a fara?

Ƙa'idar da masu wannan harka suka yarda da ita ita ce a fara mayar da mota yadda kamfani ya ƙera ta, sannan a inganta tsayawa da riƙon hanya, ƙarin ƙarfi kuma ya zo a ƙarshe.

Taya ce ta farko. Tun bayan da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Legas a 2008, kasuwa ta dogara da na waje, ciki har da na hannu waɗanda doka ta hana shigowa da su. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin ƙira. Misali, 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa, FRSC, tana ba da shawarar kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu. Ana auna iska da safe kafin taya ta yi zafi.

Na biyu shi ne birki. Man birki yana shan laima daga iska, kuma idan ya sha yakan tafasa a lokacin da aka fi bukatarsa, feda ta nutse ƙasa. Ana sauya shi duk shekara biyu.

Na uku su ne shokazoba da robobin ƙafa, sannan a yi alaimin. Sauya waɗannan kaɗai yakan sa tsohuwar mota ta koma kamar sabuwa a kan kwana.

Akwai kuma ƙare-ƙaren da ba su dace da titunan Kano ba. Rage tsayin mota yana sa kaskon baƙin mai ya daki tudun rage gudu ko bakin kwalbati. Manyan wili masu siririyar taya sun fi nauyi, kuma rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa su. Buɗaɗɗiyar matatar iska da ake sawa domin ƙara tana zuƙar iska mai zafi da ƙura. Cire matatar hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi, yana ƙara gurɓata iska, ƙarfin da ake samu kuma bai taka kara ya karya ba.

Sanya turbo a injin da ba a tsara masa ba yana ƙara zafi da matsi, abubuwa biyun da yanayin Kano da man Najeriya suka riga suka tsananta. Haka nan tukunyar iskar gas ko manyan lasifiku a but suna ƙara nauyin da ke rushe dalilin sayen motar tun farko.

Doka da haƙƙin jama'a

Dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade gudun ƙananan motoci a kilomita 50 cikin sa'a a cikin gari, 80 a babbar hanya, da 100 a tagwayen hanyoyi. Hukumar FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel a ranar 1 ga Janairun 2003. A cikin Kano akwai kuma jami'an KAROTA da na VIO. Kuɗin inshorar da doka ta wajabta wa motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a watan Janairun 2023.

Idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke bukata kafin mota ta tsaya yakan ninka sau huɗu. Yawancin motocin shekarun 1980 ba su da jakar iska, ba su kuma da na'urar hana taya kullewa, sannan ƙaramar mota ce ke shan wuya idan ta haɗu da babba.

Wasan mota a lokacin bukukuwan aure ya sha jawo asarar rayuka a biranen arewa, kuma hukumomin tsaro sun sha yin gargaɗi a kansa. Doki yana da Filin Sukuwa a Kano, kuma mota ma wurin gwada ta shi ne rufaffen fili da izinin hukuma, da hular kwano, da abin kashe gobara, 'yan kallo kuma suna nesa.

A unguwa irin Madabo, inda makarantun allo da zaurukan karatu da masallatai suke dab da hanya, yara kuma suna fitowa daga lungu a guje, ko ƙarar salansa da daddare shiga haƙƙin maƙwabta ce. Malamai kan ja hankali a kan haƙƙin hanya da guje wa almubazzaranci, kuma a shari'ar Musulunci kisan kuskure yana wajabta diyya da kaffara.

Sayen doki ba shi ne wuya ba, harawa da dusa su ne aikin. Kafin a yi cinikin irin wannan mota, ana bukatar a lissafa kuɗin ajiya da na mai da taya da takardu na shekara guda, a kuma ware wani abu domin gyaran da ba a zata ba.